Yadda Ake Tayar da Tsohon Kwale-kwale da Gyara Injinsa Kafin Damina

Lokacin wannan aiki shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da Gulbin Sakkwato ya janye ya bar rairayi a Gusau da Bungudu. Wanda ya bari sai ruwan Agusta ya cika gulbi sannan ya tuna da jirginsa, gyaran gaggawa zai yi, kuma rayukan mutane zai ɗora a kansa. Har yanzu Zamfara ba ta manta da manoman da jirgi ya kife da su a Gummi cikin Satumbar 2024 ba.

Ka fara da jikin jirgin. Mutane da yawa kan zuba kuɗinsu a inji su bar gindi yana yoyo, alhali katako ne ke riƙe da rai a tsakiyar ruwa. Ka jawo shi tudu, ka kifa shi bisa gungumen itace a inuwa, ka kankare gansakuka da tsohuwar kwalta har katako ya bayyana. Sai ka ɗauki ƙusa kana sokawa, allo bayan allo. Inda ta nutse ba wuya, wurin ya ruɓe. Inda ka ƙwanƙwasa ka ji amon fanko, gara ta riga ka shiga. Irin wannan allo cire shi ake yi gaba ɗaya. Kada kafinta ya lallaɓa ka da cewa zai buga gwangwani a kai, domin ruwa zai kwanta ƙarƙashin facin ya ci gaba da cin katakon ba ka gani. Ka maye gurbinsa da busasshen madaci, ka buga da ƙusa mai rufin tutiya wadda ba ta saurin tsatsa.

Allon baya, inda ake ɗaure inji, ya fi ko'ina shan wahala saboda nauyi da girgiza. In yana motsi ko kaɗan, ka ninka shi da wani katako ka ɗaure da noti.

Bayan nan sai toshe tsagogi. A cusa zaren auduga ko igiyar rama tsakanin alluna, a bi da narkakkiyar kwalta ciki da waje. Kada ka danna zaren da ƙarfi sosai, don katako zai kumbura in ya sha ruwa, kuma yana bukatar wurin kumburin. In kwalta ta bushe, ka saukar da jirgin bakin ruwa ya kwana biyu ko uku kafin ka duba inda yake yoyo.

Yanzu inji. Yawancin waɗanda ake gani a gulabenmu ƙananan Yamaha ne masu shan fetur gauraye da mai. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki zubar da shi za ka yi, ka wanke tankin, ka sauya tiyon in ya tsage. Ka kwance fulogi ka duba bakinsa: baƙi mai danshi alamar mai ya yi yawa ne ko wuta ba ta kamawa sosai. Kafireta kuwa, duk makanikin babur da ya san aikinsa, a Gusau ko a bakin hanyar Funtuwa a Tsafe, zai wanke maka ita.

Ƙasan injin ne ke son wanda ya san jirgi. Can akwai ƙaramar fankar roba mai tura ruwa sama don sanyaya inji. Ruwan damina a nan cike yake da yashi, yashi kuma cinye robar yake yi, don haka ka sauya ta ko da idonka ya ce da sauranta. Ka tsiyaye man giya ka dube shi. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai an sauya robar da ke tare shi. Sau da yawa zaren kamun kifi ne ya nannaɗe bayan farfela ya yanke ta, shi ya sa ake cire farfelar a duba.

Kada ka tayar da inji a busasshe, ko na minti ɗaya. Ka tsoma ƙafarsa cikin duro mai ruwa, ka haɗa mai yadda kamfanin ya rubuta (galibi lita 1 ta mai cikin lita 50 ta fetur), sannan ka ja igiya. In siririn ruwa bai fito ta bayansa ba, kashe shi nan take.

Gwajin farko da buhunan yashi ake yinsa, kusa da gaɓa, da filafili da abin kwarfar ruwa a hannu. Ka riƙa ƙara buhu kana lura da tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. Adadin mutanen da zai ɗauka lafiya, ka rubuta shi da fenti a gefensa inda kowa zai gani, ka tanadi rigar ceto daidai wannan adadi, ka kuma sanar da Sarkin Ruwa na mashigin da za ka yi fito.