Ƙayar da ta kai ga yanke ƙafa: darasi kan ciwon maisetoma



Maigida, ka taɓa ganin mutum da ɗan ƙullutu a ƙafa, ba zafi ba ƙaiƙayi, shekara guda, shekara biyu, yana nan yana ƙara girma a hankali? Daga baya sai ya huhhuje, ruwa da mugunya na fita, cikinsu akwai wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar habbatus sauda? To darasinmu na yau a kansa yake. Likitoci na kiran sa maisetoma, wasu kuma su ce ƙafar Madura, daga sunan garin Madurai na ƙasar Indiya, inda likitoci suka fara rubuta bayaninsa a ƙarni na 19.

*Me ke kawo shi?*

Iri biyu ne. Ɗaya ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, ɗayan kuma funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a jikin abinci idan ya kwana biyu a wuri mai danshi. Wadda ta fi yawa a Afirka sunanta Madurella mycetomatis, ita ce mai baƙaƙen ƙwayoyin nan. A cikin ƙasa take zaune. Idan ƙaya ko tsinke ya soki mutum, sai ta bi ta ramin ta shige ƙarƙashin fata, ta yi ta cin nama a hankali, in an bar ta har ta kai ga ƙashi.

Ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama, inda itatuwa masu ƙaya irin su bagaruwa da farar ƙaya suke: Sudan, Chadi, Nijar, Senegal, Mauritaniya, Yaman, Indiya da Meziko, kuma ana samun sa a Najeriya. Ya fi kama matasa maza, manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi, amma mata da yara masu zuwa itace ma ba su tsira ba.

Ka riƙe wannan: ba a ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum. Kada a ware wa mai shi kwano, kada a guje shi.

*Me masu bincike suka gano?*

A Sudan aka fi yin aiki a kansa. A 1991 Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken maisetoma a Jami'ar Khartoum, ta duba dubban marasa lafiya, da yawansu daga jihohin Jazira da Sinnar da Farin Nilu. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Abin da ya sa funfunar take da wuyar kashewa shi ne waɗancan ƙwayoyi. Tana dunƙulewa ne cikin wani tauri mai baƙin launi, kamar ta gina wa kanta katanga, magani ya sha wuya kafin ya ratsa. Shi ya sa ake shan maganin itrakonazol kullum na tsawon watanni, sannan a yi tiyata a cire ƙullutun, a kuma ci gaba da shan magani.

A 2017 cibiyar, da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan, suka fara gwada wani sabon magani, fosrabukonazol, wanda sau ɗaya ake shan sa a mako. An ba marasa lafiya magani na shekara guda, aka yi musu tiyata a wata na shida. Sakamakon: sabon bai fi tsohon ƙarfi ba, amma da yawa sun warke da kowannensu, kuma shan magani sau ɗaya a mako ya fi sauƙi ga mutumin karkara. Sai dai ka lura, masu ƙanana da matsakaitan ƙullutu aka yi gwajin da su. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuma ya durƙusar da aikin cibiyar a Khartoum.

*Inda muke yin kuskure*

Rashin zafin nan shi ne tarkon. Sai a ce ai ba ya damun sa, a bari. In ya girma a ce tundurmi ne, ko a ce jifa aka yi masa. A kai wa wanzami ya tsaga, ko a yi lalas, ko a yi ta ɗaura ganye. Kafin a je asibiti ƙashi ya ciwu, likita ya ce ba abin da ya rage sai yankewa.

Gaskiya ɗaya ce 'yan uwa: zuma da man habbatus sauda da muke yawan ambato suna da amfaninsu, amma ba sa kaiwa ga funfunar da ta ɓuya a cikin nama. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, tare ake haɗa su.

*Abin yi a gidanka*

1. Ka saya wa kanka da yaranka takalmi rufaffe na zuwa gona da kiwo. Silifas ba ya tare ƙaya.
2. In ƙaya ta soki wani, a cire ta duka, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsafta, a rufe.
3. A kwashe shingen ƙaya da ya zube daga inda yara ke wasa.
4. Duk ƙullutun da ya yi makonni bai baje ba, a ƙafa ko hannu, a kai babban asibiti ko da ba ya zafi.
5. In ka ga ƙwayoyi na fita, ka gaya wa likita launinsu. Baƙi alamar funfuna ce, ja ko rawaya ya fi nuna bakteriya, kuma maganinsu daban ne.
6. Kada ka sayi itrakonazol a kemis da kanka. Yana iya taɓa hanta, kuma bai dace da mai ciki ba.
7. In an fara magani, a kai ƙarshe. Ciwon na dawowa in aka tsaya a hanya.

Uwargida, ke ce kike ganin ƙafar yara lokacin wanka. Ki riƙa shafa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in kin ji ƙullutu ki faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da iyalanmu. A tura wa 'yan uwa, musamman na ƙauye.