Kwandon Ƙarfe a Lambun Unguwa: Jagora ga Sabon Zuwa kan Wasan Jifan Faifai

Wanda ya sauka Amurka ko Kanada ko Finlan, ya fara zagaya lambun shaƙatawa na unguwarsu da yamma, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. Turken ƙarfe ne kafe a cikin ciyawa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da kwando a tsakiyarsa, sarƙoƙi na reto daga sama, ga lamba a rubuce a jiki. Wani ya ɗauka murhun gashin nama ne, wani ya ce mazubin shara ne. Yaro ya ja rigar mahaifinsa ya ce, "Baba, wannan kwandon na mene ne?" Uban ma bai sani ba. Suna tsaye sai ga wani faifan roba ya taho a iska daga bayan bishiyoyi, ya daki sarƙoƙin, suka yi ƙara kamar an zubar da cokula a tire, ya faɗa cikin kwandon. Daga can nesa aka ji shewa.

Wasan ke nan da Turawa ke kira disc golf, a Finlan kuma frisbeegolf. Ɗan'uwan golf ne, wato ƙwallon lambu, wanda a gida aka san shi da wasan masu hannu da shuni. Sai dai a nan ba sanda, ba ƙwallo, ba kuɗin rajistar kulob. Faifai ake jefawa daga wani daɓen siminti zuwa kwando, wanda ya kai da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Akasarin filayen na ƙananan hukumomi ne, kuma shiga kyauta ce. Ga baƙon da bai gama sanin gari ba, aljihunsa kuma bai yi nauyi ba, da wuya a sami hanyar shiga cikin mutanen unguwa da ta fi wannan araha.

Daga ina ya fito

Mutumin da ake jingina wa wasan a siffarsa ta yau shi ne Ed Headrick, Ba'amurke da ya yi aiki a kamfanin kayan wasan yara na Wham-O, masu faifan Frisbee. A 1975 ya tsara fili na farko a lambun Oak Grove da ke Pasadena a jihar Kalifoniya. A lokacin turaku kawai ake jifa, don haka musu ba ya ƙarewa: ya taɓa ko bai taɓa ba? Kwando mai sarƙa shi ya kashe gardamar, domin sarƙar tana tsayar da faifan ta zubo da shi ciki, kowa ya gani. Headrick ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, a 1976, ya kuma sami takardar mallakar fasahar kwandon a 1977. Da ya rasu a 2002, sai aka cika masa wasiyyar da za ta ba Bahaushe mamaki: aka ƙone gawarsa, aka cuɗa tokar a cikin robar wasu fayafayai.

Yau filayen wasan sun haura 15,000 a duniya, fiye da rabinsu a Amurka. Finlan, wadda jama'arta ba su kai miliyan 6 ba, tana da sama da 1,000. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe wuraren motsa jiki, mutane sun yi tururuwa zuwa wasan saboda a sarari ake yin sa. Har kuɗi ya shigo: a 2021 Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 da kamfanin Discraft, sannan Kristin Tattar 'yar Estoniya ta ci kambun duniya na mata a 2022 da 2023. Mazauna Greensboro a Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa, suna tsakiyar yankin da wasan ya yi ƙarfi, domin birnin Charlotte ya yi suna da yawan filaye, kuma a Rock Hill da ke makwabtaka ake gasar zakarun Amurka tun 1999.

Amma duk wannan labarin manya ne. Ƙaramin filin unguwa kwanduna tara ne, tazarar kowanne ba ta cika wuce mita 50 zuwa 90 ba, kuma mutum biyu za su gama zagaye cikin ƙasa da awa ɗaya. Tsakanin la'asar da magariba ya wadatar, balle a watannin Yuni da Yuli da rana ke kai ƙarfe takwas ko tara ba ta faɗi ba.

Faifai ɗaya ya isa

Sabon shiga zai ga wasu da jakar goyo cike da fayafayai ashirin, launi-launi. Kada wannan ya tsorata shi. Faifan wasan ya fi na yara ƙanƙanta da nauyi: faɗinsa kusan santimita 21, nauyinsa yawanci tsakanin giram 150 da 180. Iri uku ne. Akwai na dogon zango mai kaifin baki, wanda ake rubuta Driver a jikinsa. Akwai na matsakaicin zango. Akwai kuma mai kaurin baki na jefawa kwando daga kusa, wanda ake rubuta Putter a kansa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne fara sayen na dogon zango, don sunansa da kyansa. Wannan faifai sai hannu mai ƙarfi da ƙwarewa. A hannun ɗan koyo, da ya tashi sai ya karkace ya kifa ƙasa. Na matsakaicin zango ko na kwando shi ke tafiya miƙe, shi ke nuna wa mutum inda kuskurensa yake. A jikin fayafayai da yawa akwai lambobi huɗu, tsarin da kamfanin Innova ya yaɗa: na farko gudu, na biyu daɗewa a iska, na uku karkata a farkon tafiya, na huɗu lanƙwasa a ƙarshenta. Mai farawa ya nemi wanda lambarsa ta farko ba ta wuce 5 ba.

A Amurka sabon faifai yana kamawa daga dala 10 zuwa 20, kuma shagunan wasan sukan ajiye na hannu a farashi mai sauƙi. Manhajar UDisc a waya tana nuna filin da ya fi kusa, da taswirarsa, tana kuma riƙe lissafi. Sai takalmi mai rufi da gorar ruwa. Babbar riga dai a bar ta a gida, domin hannunta zai kama faifan. Kaftani mara faɗi ko rigar sanyi sun yi, hijabi kuma ba ya hana komai muddin an ɗaure shi yadda ba zai sauko kan hannu ba.

Abu na ƙarshe kafin a fita: a ɗauki alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa a rubuta suna da lambar waya a cikin faifan. Dalilin yana tafe.

Jifa na farko

A bakin kowane daɓe akwai allo mai nuna lambar kwando, da nisansa, da hanyar da ake bi. A Amurka da ƙafa ake auna nisa, ƙafa 200 kuwa kusan mita 61 ke nan. Inda aka rubuta Par 3, ana nufin jifa uku ake sa ran ƙwararre ya kai. Ɗan koyo ya yi biyar ko shida, ba abin kunya ba ne.

Riƙon faifai: yatsu huɗu a naɗe ƙarƙashin bakinsa, babban yatsa a sama. Mai jifa da hannun dama ya ba kwandon kafaɗarsa ta dama, ya miƙa hannun baya, sannan ya fizgo shi miƙe ta gaban ƙirji, kamar mai jan igiyar janareto. Ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, ba daga dantse ba. Wanda ya taso yana jifan mangwaro da dutse zai ga hannunsa yana son ɗaga faifan sama, kuma a nan matsalar take. Idan gaban faifan ya kalli sama, sai ya haura kamar shirwa, ya tsaya cak, ya sulalo hagu ya faɗa cikin ƙaya, mita ashirin daga inda aka tsaya. Dole ya bar hannu a kwance, daidai tsayin ƙirji. Ko an yi daidai, faifan mai jifa da dama yana lanƙwasa hagu idan gudunsa ya ƙare. Ɗabi'arsa ce, don haka ake saita shi ɗan dama da kwandon.

Inda faifai ya faɗi, nan ake tsayawa a sake jifa. Idan an shigo cikin mita 10 daga kwando, doka ta hana mutum ya jefa ya biyo faifan da jiki, sai ya nuna ya tsaya daram. Wanda faifansa ya faɗa ruwa ko titi ko bayan farin layi, an ƙara masa jifa ɗaya. Wanda nasa ya ɓace, minti 3 ake ba shi, kuma duk abokan tafiya ke taya shi nema. Idan kuwa aka yi sa'a faifai ya shige kwando a jifa ɗaya, al'ada ce duk wanda ya shaida ya sa hannu a jikinsa.

Ladubban da ba a rubuta a allo ba

Lambun na kowa ne. Tsohuwa mai tafiya da sanda, mai gudu da abin jin kiɗa a kunne, mai tura keken jariri, duk sun fi mai wasa haƙƙin hanya. Faifai mai kaifin baki yana iya fasa goshi, kuma a ƙasashen nan raunata mutum na iya kaiwa ga 'yan sanda da lauya. Saboda haka ba a jifa sai gaba ta zama wayam. Idan faifai ya kuɓuce ya nufi mutane, ana ɗaga murya a ce "Fore!", a baki kamar "fo". Wanda ya ji wannan kalma kada ya ɗaga kai yana neman inda ta fito. Ya duƙa ya rufe kansa da hannu.

Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran su tsaya a bayansa. Idan ya ɗaga hannu, a yi shiru: ba hira, ba amsa waya, ba wucewa ta gabansa. Ga wanda ya saba da gaisuwa mai tsawo wannan yana da wuya a farko, amma daƙiƙoƙi kaɗan ne, hirar ta ci gaba a kan hanya. Idan iyali ne da yara suna tafiya a hankali, wasu kuma suka taru a baya, sai a matsa gefe a yi musu alama su wuce. Ba a karya reshe don buɗe hanya, ba a barin gorar ruwa a ƙasa, ba a barin yara su yi lilo a jikin sarƙa.

Sai batun tsintuwa. Faifan da aka gani a ciyawa ba a ɗauka nan take, domin mai shi yana iya kasancewa a bayan tudu yana tahowa. Idan ya tabbata ɓatacce ne, a duba cikinsa, a tura wa lambar saƙo. Filaye da yawa suna da akwatin ajiye tsintuwa. Amanar nan 'yan wasan suna riƙe ta da gaske, kuma sau da yawa saƙon "na tsinci faifanka" shi ke zama farkon sanayya.

Abubuwan kiyayewa

A Amurka da Kanada akwai wani tsiro mai ganye uku-uku da ake kira poison ivy. Mansa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa na mako biyu ko fiye, kuma a gefen daji yake fitowa, daidai inda faifan ɗan koyo ke faɗawa. A nemi hotonsa a waya kafin a je. Wanda ya taɓa shi ya wanke da sabulu da wuri. Akwai kuma kaska, ƙanana ƙwarai, ba irin manyan da aka sani a jikin shanu ba, wasunsu na ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando da safa suna taimakawa, a kuma duba jiki da na yara idan an dawo gida.

Karnuka suna da yawa, yawanci a ɗaure da igiya. Wanda ba ya son kare ya taɓa shi ya faɗa wa mai shi cikin ladabi, ba tare da gudu ko ɗaukar dutse ba. Lambuna da yawa ana rufe su da faɗuwar rana, a duba allon bakin ƙofa, kada a kulle wa mutum mota a ciki. Ba kowane fili ke da ban-ɗaki ba, gara a yi alwala daga gida.

Shiga cikin mutane

Kusan kowane fili yana da ƙungiyar masu kula da shi, kuma a Facebook ko UDisc suke sanar da ranar haɗuwarsu ta mako. Wadda ta fi dacewa da baƙo ita ce ta bibbiyu, inda ake ƙuri'a a haɗa mutum da wanda bai sani ba: kowa ya jefa, a ɗauki jifan da ya fi kyau. Ɗan koyo ba ya zama kaya, ga shi kuma ya sami malami na awa biyu. Wasu wuraren ana tara 'yan daloli a raba wa waɗanda suka ci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba ya tambaya ko zai iya bin su ba tare da shiga kuɗin ba. Haka idan aka miƙo giya, kalmar godiya da girgiza kai sun isa. Ranar aikin gayya, da ake share fili a gyara daɓe, ita ce ranar da ake riƙe sunan mutum.

Sanyi ma ba ya tsayar da su. A watannin Janairu da Fabrairu ƙungiyoyi da yawa a Amurka suna shirya gasar da suke kira Ice Bowl, inda ake tara kuɗi da abincin gwangwani don rumbunan ciyar da mabuƙata. Idan dusar ƙanƙara ta rufe fili, faifai yakan nutse a ciki ya ɓace, don haka ake manna masa siririn ƙyalle mai launi, tsawon kamu biyu ko uku. Faifan ya shige ƙasa, jelar ta tsaya a waje, mai shi ya bi ta da safar hannu ya zaro.