Yadda Aka Hana Hasumiyar Pisa Faɗuwa

Pisa tsohon garin ilimi ne a Italiya. Jami'arsa ta kafu tun 1343, a can ma Galileo ya yi karatu, ya kuma koyar. Sai dai abin da ke jawo baƙi shi ne hasumiyar ƙararrawar babbar majami'ar garin, wadda aka aza harsashinta a 1173 bisa laka mai taushi. Magina ba su wuce hawa na uku ba ta soma karkata. A 1990 karkatar ta kai digiri 5.5 wajen kudu, ga shi kuma a 1989 wata tsohuwar hasumiya ta rufta a garin Pavia ta kashe mutum huɗu. Sai hukuma ta rufe ta Pisa, ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Michele Jamiolkowski. Sharaɗin aikin shi ne kada ta faɗi, kada kuma a miƙar da ita sarai, don karkatar ce kasuwar garin.

Da farko, a 1992, aka yi mata ɗamara da wayoyin ƙarfe a hawa na biyu, inda nauyi ya fi danne duwatsun, don kada su tsage. Bayan shekara guda aka jibge tan 600 na dalma a gindinta ta arewa, domin a rinjayi nauyin. Abin ba kyan gani, amma ya tsayar da ita.

A 1995 aka so a ɗaure ta da turaku a ƙarƙashin ƙasa. Ana cikin daskarar da ƙasar wurin sai ta ƙara karkata kudu. Hankali ya tashi, aka dakatar da aikin, aka ƙara dalma har ta kai wajen tan 900.

Dabarar da ta ci nasara ita ce wadda injiniya John Burland, ɗan Ingila, ya dage a kai: a bar ginin, a koma wa ƙasar da yake bisa. Aka fara ɗaura wa hasumiyar manyan igiyoyin ƙarfe daga nesa, don ko ta kwana. Sannan a 1999 aka kafa injin haƙa ta arewa, ana zura bututu a karkace zuwa ƙarƙashin harsashin. Cikin bututun akwai ƙarfe mai zare da ke juyawa yana fito da laka kaɗan-kaɗan. Idan aka janye shi, nauyin ginin sai ya matse ramin, gefen arewa ya ɗan nitse, kan hasumiyar ya dawo baya. Kullum sai an duba na'urorin awo kafin a yanke ramin da za a taɓa gobe da yawan lakar da za a ɗiba. A ganina, wannan haƙurin ya fi injin kansa aiki. Da gwajin ramuka 12 ya yi kyau, aka faɗaɗa zuwa 41.

Kimanin tan 70 na ƙasa aka kwashe, karkatar ta ragu da wajen santimita 45. Aka ɗauke dalmar da igiyoyin, aka sake buɗe hasumiyar a Disamba 2001, ana shigar da masu hawa rukuni-rukuni.