Takardar gwamnati ba buhun gero ba ce

Ni akanta ne a Ƙaura Namoda, littattafan 'yan kasuwa nake riƙewa. Kwanan baya wani Alhaji mai harkar hatsi daga Shinkafi ya tambaye ni: idan ya sayi takardar lamunin gwamnati ta dubu ɗari, nawa za ta kai bayan shekara biyu? Na ce, Alhaji, dubu ɗarin dai. Sai ya ɗaure fuska. A zatonsa kamar gero ce, a saya da kaka a fitar da damina ta yi tsada.

Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, shi ya fara sayar da takardar tanadin nan a watan Maris na 2017. Kowace ɗaya naira 1,000 ce, ba a sayen ƙasa da ta 5,000, kuma ba a wuce miliyan 50. Wa'adinta shekara biyu ko uku, ana buɗe ta a farkon kowane wata ta hannun dillalan hannun jari. Ranar da wa'adi ya cika, uwar kuɗinka ake maido maka cif, ba ƙari ba ragi. Ribar tana cikin kuɗin ruwan da ake turowa duk wata uku. A ce kashi 16 aka yanka: dubu huɗu ke nan kowane zuwa, dubu 32 a shekara biyu.

Inda na fi jan kunne shi ne fita kafin lokaci. Gwamnati ba ta karɓar takardarta tun wa'adi bai yi ba, sai dai dillali ya kai maka ita kasuwar hannun jari. In an fito da sabuwa mai ruwa fiye da taka, mai saye zai taya ƙasa da abin da ka biya. Wanda zai nemi kuɗin taki a Zurmi nan da wata shida, kada ya soma. Ga kuma tsadar kaya: a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, dubu ɗarin ta dawo amma ba ta ɗaukar buhunan da take ɗauka a da.

Alhaji kuwa kalmar ruwa ce ta tsayar da shi, kuma ban ga laifinsa ba. Na faɗa masa akwai Sukuk, wadda gwamnati ta fara a 2017 da biliyan 100 don gina hanyoyi, ita kuɗin haya take biya. Ya ce bari ya fara jin ta bakin malaminsa, sai mu haɗu bayan cin kasuwa.