Ɗana, Kafin Ka Taɓa Fentin Motar Nan

Ɗana, ranar da ka kawo mahaifiyarka ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a nan Wurno, na tsaya na dubi motarka. Rufinta da bonet sun yi fari-fari, suna saɓa kamar maciji. Muna gaisawa kana ɓantarar wurin da farce. Ban tanka ba saboda jama'a. Yanzu da muke mu biyu, zauna ka ji.

Fentin mota hawa uku ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ƙyallin da kake gani, shi ne kuma garkuwar launin, alhali kaurinsa bai kai na takarda ɗaya ba. To, ka tuna ranarmu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Motar da aka ƙera domin sanyin Turai, ta biyo ta Kwatano, ta zo tana wuni a fili daga Raba zuwa Goronyo, dole fatarta ta gaji. Ga buhunan albasa da kake ɗaurawa a rufinta. Ga ƙurar hunturu da yara ke share mata da busasshen tsumma kowace safiya. Suna nufin alheri ne, Allah ya yi musu albarka, amma kankare ta suke yi.

Kada kowa ya ce maka man gyaɗa ko baƙin mai zai gyara. Zai yi sheƙi kwana biyu, ya tara ƙura, kuma sabon fenti ba zai kama wurin ba. Abin da ya saɓe ba ya komawa. Sai dai a cire shi a sa sabo.

In wurin bai wuce tafin hannu biyu ba, kana iya yi a gida. Wanke shi tas da ruwa mai tsabta. In daga gulbin Rima ka ɗebo, bar shi ya kwanta tukuna, don yashinsa. Sai ka sami sanfefa mai laushi, lamba 1000, ka jiƙa ta, ka bi bakin saɓar a hankali. A nan aikin yake, ɗana. Ka goga, ka tsaya, ka rufe ido ka shafa da yatsa. Muddin yatsanka na jin tudu tsakanin tsohon kiliya da launi, ba ka gama ba. Ka riƙa duban ruwan da ke gangarowa. In fari ne kamar tsala, kiliya kake ci, ci gaba. In ya fara ɗaukar launin motar, ɗaga hannunka, ka kai inda bai kamata ba. Ni ma da ƙuruciya na taɓa cinye launin bonet ɗina saboda sauri, sai da na biya ninki a gareji. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan ya bushe, goge shi da tsumma mai tsabta, ka rufe gilashi da gefe da tsohuwar jarida da salatif.

Wajen saye, nemi kiliya mai haɗin sinadarin da ke sa shi tauri, ko da sai ka je Sakkwato. Wanda ba shi da haɗin ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ya daɗewa a ranarmu. Araha ba ta ado. Sai dai mai haɗin nan yana cutar da huhu ƙwarai. Ƙyalle a hanci bai isa ba, sa takunkumi na masu fenti, ka yi a wuri mai iska, ka kori yara da awaki nesa. Ka fi mini motar daraja.

Ka zaɓi lokaci. Ban da tsakar rana, ban da ranar hazo, ban da lokacin da hadari ya haɗo. Ƙarshen damina kafin hunturu ya sauko ya fi, da hantsi, a inuwa. Yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Riƙe gwangwanin feshin kiliyan kamar taƙi ɗaya daga jikin motar, ka fesa sama-sama, ka jira minti 10, ka sake, har sau uku. In ka zuba da yawa lokaci guda zai zubo kamar hawaye, ka koma farko. Sai bayan kwanaki, in ya yi tauri, ka bi shi da sanfefa lamba 2000 da man folish.

Zan gaya maka gaskiya, mai lura zai gane facin. Kada ranka ya ɓaci, ka tare ɓarna ne. Amma in rufin gaba ɗaya ya tashi, ko launin ya koma gari, ko ka ga tsatsa, kai wa mai fenti. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ka koma gida, kafa mata rumfar zana a gefen zaure. Darbejiyar ƙofar gidanku ma inuwa ce, sai dai kashin tsuntsu yana ƙona kiliya, kada ka bari ya kwana a jikinta. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da jiki.