Darasi na 17: Zaɓen Unguwa ga Mai Ƙaura Zuwa Kano

Kowace shekara mutane da yawa suna barin ƙauye su tafi Kano. Wani cin rani ya kai shi, da ruwa ya sauka sai ya komo gonarsa. Wannan ba ruwansa da zaɓen unguwa, ko a zauren wani ya kwana ya ishe shi. Amma wani ƙaura yake yi ɗungum, da mata da 'ya'ya da tukwane. To, da shi muke magana a wannan darasi.

Kano ba kamar garinku take ba. A ƙauye kowa ya san kowa, makaranta ɗaya ce, kasuwa ɗaya. Kano kuwa ta daɗe da tsallake ganuwa. Yanzu ƙananan hukumomi 8 ne suka haɗu suka zama gari guda, watau Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo. Cikin tsohon birni gidaje sun cushe, yawancinsu na gado ne. Saboda haka baƙo yakan sami wuri ne a unguwannin waje. In ka bi hanyar Katsina, ga Kurna da Rijiyar Lemo. Hanyar Zariya, ga Unguwa Uku da Na'ibawa. Wajen gabas ga Hotoro, wajen yamma ga Ɗorayi da Rijiyar Zaki. Tsakanin Rijiyar Lemo da Hotoro tafiya ce sosai, ba wadda yaro zai yi da ƙafa ba.

Yawancin masu ƙaura gida suke fara nema. Dillali ya nuna musu ɗaki biyu da tsakar gida, su ji kuɗin haya da sauƙi, su biya na shekara. Sai bayan sun sauke kaya su ce, "Ina makarantar yara?" Wannan baibai ne. Makaranta ake fara nema, sa'an nan a nemi gida kusa da ita. Gama gida in bai yi maka ba, shekara na cika ka sake wani. Amma shekarar da yaro ya ɓata bai koyi kome ba, ba ta komowa.

Makarantar boko ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun 1909 Bature Ɗan Hausa ya buɗe ta farko a Nasarawa. A 1976 Gwamnatin Nijeriya ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. A 2004 kuma aka yi doka, cewa karatun shekara 9 kyauta ne, kuma tilas ne, watau shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Dokar nan ba ta ware ɗan baƙo ba, ba ta kuma ware 'ya mace ba. Kada wani ya ce maka ba a karɓar ɗanka don daga ƙauye ka fito.

Amma kyauta dabam, kyau dabam. Yara sun yi yawa a Kano, makarantu ba su ishe su ba, har a 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta sa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ilmi. Saboda haka makarantu ba ɗaya suke ba. Sai ka je ka duba da kanka, gani ya kori ji.

Ka je da safe, ran da ake karatu, kada ka aika a ce kana zuwa. Ka yi sallama da hedimasta, ka roƙe shi ya bar ka ka leƙa azuzuwa. Ka fara da ƙidaya. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami 1 ga yara 35 a firamare. Ba ko'ina za ka sami haka ba, amma in ka ga yara sun fi 100 a aji guda, waɗansu har bakin ƙofa, ka san na baya ba sa jin abin da malam yake faɗi. Ka duba kuma, aji nawa ke da malami a ciki a wannan sa'a? Aji nawa yara ke surutu su kaɗai? Ka dubi rufi, ko yana yoyo. Ka tambayi ruwan sha da makewayi, musamman na 'yan mata, gama rashin makewayi yana hana yarinya da ta fara girma zuwa makaranta.

Ga wata dabara kuma, wadda ku 'yan ajin nan kuka fi wasu iyawa. Da yake yanzu kun iya karatu, ka nemi izini ka kira yaro ɗan aji 4, ka buɗe littafinsa, ka nuna masa layi guda a tsakiyar shafi, ka ce ya karanta. Ba layin farko ba, don watakila ya haddace shi. In ya karanta, ya kuma gaya maka ma'anarsa, to ana aiki a wurin. In ya tsaya yana kallon ƙasa, ka gwada na biyu da na uku. In duk haka ne, fenti da tuta da kyawun ƙofa ba su da amfani gare ka. Makarantun kuɗi ma haka za ka yi musu. Akwai nagari cikinsu, akwai kuma waɗanda gidan haya ne kawai aka sa wa allo a ƙofa.

Kada ka manta da makarantar allo da ta Islamiyya. A yawancin unguwannin Kano yara boko suke zuwa da safe, Islamiyya da yamma. In biyun nan suna nesa da juna, yaro zai ƙare yininsa a hanya.

Yanzu sai mu yi lissafi. A ce ga gida biyu. Na farko hayarsa naira 150,000 a shekara, amma makaranta na nesa. Na biyu naira 200,000, yara da ƙafa za su tafi. Misali ne kawai, kuɗin haya kullum canzawa yake. A ce kana da yara 3, kowane a-daidaita-sahu zai ci masa naira 300 zuwa da komowa. A yini ke nan naira 900. A ce kwana 180 za su je makaranta a shekara, ya zama naira 162,000. Ka haɗa da hayar gidan farko, ka ga naira 312,000 ke nan. Ashe mai arahar shi ne mai tsada. Ban da wannan kuma, ran da babu kuɗi a aljihu, ran nan babu makaranta. Ka lura kuma da titi. Yaro ɗan shekara 6 bai kamata ya riƙa tsallake babbar hanya irin ta Zariya ko ta Katsina shi kaɗai ba.

Bayan makaranta sai ruwa. Unguwanni da yawa na waje famfo bai kai musu ba, ko ya kai ba ya kawowa. Wurin 'yan garuwa ake saye, jarka jarka, kuma da bazara kuɗinsa yakan tashi. A nan sai ka tafi da uwargida, gama mata sun fi sanin wannan magana, kuma ita ce za ta iya shiga gidajen maƙwabta ta ji gaskiya.

In da hali, ka ga unguwa da damina, wajen watan Agusta. Gidan da ke kan kwari ko bakin kududdufi da rani lafiya lau yake, da damina kuwa sai ruwa da sauro da zazzaɓi. Kusa da rafin Jakara, da wajen masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, ka lura da ruwan da ke gudana a kwata, kada yara su yi wasa a ciki.

Wurin aikinka ma abin dubawa ne. Mai aikin hatsi a kasuwar Dawanau, hanyar Katsina ta fi masa. Mai sayar da lemo da ayaba a 'Yan Lemo, wajen Na'ibawa ya fi masa.

Kafin ka ba kowa kuɗi, ka je gaisuwa wurin mai unguwa. Shi ya san mai gidan na ainihi, ya san halin maƙwabta, ya san lungun da 'yan shaye-shaye ke taruwa. Ka koma unguwar bayan sallar isha'i ka ga yadda take da dare. In ka biya haya, ka karɓi rasit, ka karanta shi da kanka, ka ga suna da kwanan wata daidai ne. Kafin ka bar ƙauye kuma, ka karɓi takardar canjin makaranta daga hedimastan garinku, ka haɗa da takardar haihuwar kowane yaro, don a sa shi a ajin da ya dace.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara neman makaranta kafin gida?
2. Shekara nawa doka ta ce yaro ya yi karatu kyauta?
3. In yara 4 ne, kowane naira 250 a yini, nawa ke nan a kwana 180?
4. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga ɗan'uwanka da ke Kano, ka roƙe shi ya dubo maka makaranta biyu a unguwarsu.