Yadda Ake Haɗa Kujerar da Ke Zama Gado a Ƙaramar Tirela

A Amurka, inda mutane suka saba jan ɗan ɗakinsu a bayan mota tun zamanin da Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream a shekarun 1930, babu abin da ke da daraja a cikin ɗakin nan kamar fili, shi ya sa ya wajaba abu guda ya yi hidima biyu, kujera da rana, gado da dare. Mai son gyara tsohuwar tirela ya sani tun farko cewa ɗaki ne mai tafiya, kowane ramin hanya sai ya girgiza shi, don haka sharaɗin aikin biyu ne, rashin nauyi da ƙarko.

Kafin ka taɓa zarto, cire tsohon benci ka soki daɓen katakon da bakin sukundireba, musamman ƙarƙashin taga, domin idan ruwa ya riga ya ruɓar da shi, duk abin da ka kafa a kai banza ne. Sa'an nan ka yanka kwali daidai da lanƙwasar bango ya zama samfurinka, tunda da wuya a sami bango miƙaƙƙe a tirela.

Haɗa akwatin mazauni da siraran katako, tsawo santimita 190, faɗi 60, tsayi kamar 35, ka bar wa murfin taya da tankin ruwa wurinsu. Yi amfani da gam da sukuru, ba ƙusa ba, gama girgiza tana zare ƙusa sannu a hankali. A daɓe za ka ɗaure akwatin, bango ba shi da kaurin ɗaukar nauyin mutum.

Hikimar aikin duka tana cikin saman mazaunin. Ka jera sanduna masu faɗin santimita 6, rabinsu a kafe a jikin akwati, ɗaya rabin kuwa a ɗaure da wani allon gaba mai ƙafafunsa, suna shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe, ta yadda in ka jawo allon sai faɗin ya kusan ninka. A nan ake bukatar haƙuri: bar ratar milimita 3 tsakanin kowace sanda da 'yar'uwarta, saboda katako yana kumbura da danshi, wanda kuwa ya matse su zai tarar da gadonsa ya cije ranar da aka yi ruwa. Goge su da samfefa, ka shafa kyandir. A ƙarƙashin sandunan da ke zamewa, daga baya, ƙara wata a gicciye, ita za ta hana su ficewa gaba ɗaya.

Katifa a raba ta biyu, soso mai kaurin santimita 10, ɗaya mazauni ɗaya majingini, wanda da dare zai kwanta ya cike gurbi. Daga ƙarshe sa sakata a gefe biyu na allon gaba, ka riƙa kulle su duk sa'ad da za a hau hanya, don kada birki ya buɗe gadon ya daki ƙofar kabad.